Dokar Ajiyar Murya

A Dajin Dundu jama'a kashi biyu ce, kuma kowa ya san kashinsa: akwai masu fiƙa, akwai waɗanda ake kafa wa fiƙar. Sarki Jatau, tsohon zaki, shi ne a sama. Majalisa ba ta zama sai da rani, a gindin wani babban gawo, domin da rani ne gawo yake da ganye, kuma doka ta hana cin kowa a cikin inuwar majalisa. Da damina gawon yakan kaɗe. Inuwa ta tafi, dokar ma ta tafi hutu.

Shekarun baya kaɗan aka shigo da katantanwa. Gizagizai suka ja zare daga bishiya zuwa bishiya har ƙarshen daji. Duk wanda ya rataya ɓawon katantanwa a wuya ya yi magana a ciki, ɗan'uwansa da ke ƙetaren rafi zai ji shi kamar suna tsugune tare. Kurege ya huta da gudun kai saƙo. Zomaye suka riƙa sanar da juna fitowar shaho tun bai gama shawagi ba. Kowace shekara sai a fito da sabon samfuri, ƙarami da na bara, mai zane, a yi ta layi a kansa. Ba a daɗe ba wanda ba shi da katantanwa ya zama kamar ba ya dajin.

Duk muryar da ta bi zare sai ta ratsa ta babban surin da ke tsakiyar daji. Gara ke kula da shi. Sukan kwaɓa muryar da laka su ajiye ta a wani ɗan ɗaki, kuma wanda ya zura tsinke a ɗakin ya kara kunne zai ji ta kamar yanzu aka faɗe ta. Wakilin gara, Zago Nomau, ya ce don inganta aiki suke yin haka. Ba wanda ya tambaye shi wane aiki.

Da aka sace wasu maruƙan ɓauna, majalisa ta zauna ta yi Dokar Ajiyar Murya. Sashe na farko ya ce a ajiye muryar kowa. Na biyu ya ƙirƙiro muƙamin Sarkin Kunne, wanda zai saurari abin da ya ga dama saboda tsaro. Na uku ya ce muryoyin masu fiƙa a riƙa share su kowace faɗuwar rana, saboda sirrin mulki. Aka ba Barmo, wani dila mai laushin harshe, muƙamin. Maruƙan dai ba a gan su ba har yau. Amma 'ya'yan Barmo sun yi ƙiba.

Tasalla, zabuwar da ke wakiltar tsuntsayen ƙasa a majalisa, tana cikin waɗanda suka amince da dokar. Ba ta ga abin tsoro a ciki ba. A duk dajin ba wanda ya kai zabuwa iya ɓoye sheƙa, kuma a cikin zabi ba wadda ta kai Tasalla. Ba ta shiga ta inda ta fita. Ko mijinta bai san inda take kwanci ba. A daminar da ta biyo baya, ranar da ƙwayayenta suka fara fashewa, murna ta sa ta kira ƙanwarta ta katantanwa ta yi mata kwatance: cikin sarƙaƙiya, bayan tsohuwar kukar da tsawa ta raba biyu.

Washegari ta fita nemo wa 'yan tsakin abinci. Da ta dawo ba ta tarar da komai ba sai ɓawon ƙwai da sawun diloli. Ta tsaya ta karanta sawun. Mai neman abinci yakan lanƙwasa, ya shinshina nan, ya koma can. Wannan sawun a miƙe yake daga hanya har bakin sheƙa, sawun waɗanda aka yi wa kwatance.

Barmo da kansa ya zo ta'aziyya, da 'yan rakiya.

"Wakiliya, ya haƙuri? Wallahi da na ji labarin kasa cin abinci na yi."

"Da godiya, ranka ya daɗe," in ji Tasalla.

"Ofishina ya fara bincike. Amma ku ma zabi ku rage surutu. Daji ya lalace, ba ka san wa ke jin ka ba."

Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. A gefen bakinsa, maƙale da gashin baki, akwai wani ɗan gashi mai laushi, ruwan ƙasa da ratsin baƙi, irin na ɗan tsakon zabo da bai kwana biyu a duniya ba. Tasalla ta kalli gashin har aka gama addu'ar. Ta ce amin. Ta raka shi har hanya.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Bayan kwanakin zaman makoki ta tafi suri, ta nemi ganin Zago Nomau.

"Ina so in san wanda ya saurari maganata da ƙanwata."

"Ranki ya daɗe, ai wannan sirrin mai hulɗa da mu ne."

"Ni ma mai hulɗa da ku ce."

"Haka ne. Amma wanda ya saurara ɗin shi ma mai hulɗa da mu ne, kuma shi doka ta san da shi." Zago ya faɗi haka cikin ladabi, yana murza hannu. "Ko za ki duba sabuwar katantanwar da ta iso? Ba ta jin ruwan sama."

Tasalla ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Zabuwa a gindin suri take kiwo tun tana ƙarama, ta san yadda suri yake girma. Ɓangaren gabas, inda muryoyin manya suke sauka, ya kamata a ce kullum a fanko yake kwana. Amma ya yi tudu ya fi ko'ina.

"Nomau, muryoyin da kuke sharewa kullum, ina kuke zuba su?"

Zago ya dube ta kamar an yi masa wani yare.

"Zubawa? Ranki ya daɗe, mu gara ne. Gini muka gada, ba mu san zubarwa ba. Idan aka ce a share, sai mu yaɓe ƙofar ɗakin da laka, mu ɗora wani a kai. Ba mai ji, ba mai gani. Ai sharewar ke nan."

"Sarkin Kunne ya san haka kuke yi?"

"Bai taɓa tambaya ba. Ke ce ta farko."

Ta yi masa godiya. Har sabuwar katantanwar ta saya.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, gawo ya fara tofo. A wannan tsakanin zomaye sun rasa 'ya'ya a ramuka uku da ba wanda ya san su, makwarwa ta rasa nata, kuma duk sawun a miƙe yake. Ladingo, bushiyar da ke wakiltar ƙananan dabbobi, ƙawar Tasalla ce tun kafin majalisa. Ita ta shirya ƙudurin soke dokar da rushe surin.

"Tsuntsayenki nake jira," ta ce wa Tasalla. "Ke aka fi yi wa ɓarna. Ki tashi ki faɗi abin da ya same ki, ko kura sai ta ji kunya."

"Kin taɓa ganin kura ta ji kunya?"

"To ki dai tashi."

"Zan tashi," in ji Tasalla.

Ranar zama, Ladingo ta gabatar da ƙudurinta. Ta ambaci ramuka da sheƙuna ɗaya bayan ɗaya. Masu fiƙa suka yi ta hamma. Sai Barmo ya miƙe ya rusuna wa Sarki.

"Allah ya ba ka nasara. 'Yan majalisa masu girma. Ba wanda ya kai ni jin zafin abin da ya samu iyayen nan. Amma ina tambaya: don an yi ɓarna muna saurare, sai mu toshe kunne? Ɓarnar nan shaida ce cewa sauraron bai isa ba. Wanda bai faɗi mugun abu ba, me zai tsorata don an ajiye maganarsa? Ni dai na sadaukar da barcina don dajin nan, kuma ban nemi a gode mini ba."

Aka tafa. Tasalla ta ɗaga fiffike, aka ba ta izini. Ƙananan dabbobi suka gyara zama.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ina goyon bayan Sarkin Kunne. Dokar nan mai kyau ce."

Ladingo ta buɗe baki ba ta rufe ba.

"Aibinta ɗaya," Tasalla ta ci gaba, "kuma abin kunya ne a gare mu talakawa da muka yi shiru a kai. A surin nan akwai cinikin gyaɗar ɓeraye. Akwai faɗan kwaɗi a kan kududdufi. Akwai surutun zabi, wanda aka ja mana kunne a kansa. Duk an adana su har abada. Amma maganar Sarki Jatau, da ta hakimansa, da ta fadawansa, kullum rana ta faɗi sai a share ta kamar kashin awaki. Jikokin jikokinmu za su zo su kara kunne a surin nan su ji wa ya yi zamani a Dajin Dundu. Ɓera za su ji. Za su ce ashe ɓera ne ya yi sarauta. Ina roƙon a soke sashe na uku, a ajiye muryar manya a ɗaki mafi tsawo, kada a taɓa goge ta, talaka ya je ya saurara ya ƙaru."

Sarki Jatau, wanda ya daɗe bai buɗe ido biyu a zaman majalisa ba, ya buɗe su.

"Barmo. Da gaske ne maganata ake sharewa a bar ta ɓera?"

"Ranka ya daɗe, sirrin mulki ne ya..."

"Ina da maganar da zan ji kunyarta ne?"

"Haba, Zaki! Ko kusa."

"Kai kana da ita?"

Barmo ya yi murmushi. Ya gane an ɗana wani abu, amma bai ga igiyar ba. Ya lissafa a ransa cewa daga yau sai ya riƙa tauna magana kafin ya sa ta a katantanwa, shi ke nan. Don haka shi ya fara ɗaga hannu, sauran masu fiƙa suka bi. Gyaran ya wuce, kuma Sarki ya ce ya fara aiki nan take.

Barmo har ya ƙara da jawabi. "Takaicina ɗaya, Allah ya ba ka nasara: hikimomin da ka zuba a shekarun baya sun riga sun tafi. Wannan asara ce da daji ba zai mayar ba."

"Ko a kira wakilin gara," in ji Tasalla, "ya gaya wa majalisa yawan abin da aka rasa, a sa a tarihi."

Aka kira Zago Nomau. Ya hau kan saiwar gawo don a gan shi, fuskarsa cike da farin cikin mai kawo albishir.

"Ranka ya daɗe, ba a rasa komai ba! Ko tari ba a rasa ba. Duk suna nan a yaɓe, tun daga ranar farko. Ka ba da umarni kawai, mu fasa yaɓen."

Ba a tafa ba. Wata damisa ta tuna tana da uzuri a gida, dogarai suka ce ba a fita sai an tashi. Sarki kuwa daɗi ya kama shi.

"Madalla da gara. Na daɗe ina jin yabona a gabana. Yau ina so in ji yadda bayina suke yabona a bayan idona. Da wa za mu fara?"

Tasalla ta sunkuyar da kai.

"Da wanda ya fi kowa sadaukar da barcinsa, ranka ya daɗe."

Gara suka ɗauko ɗakunan Barmo a jere, ƙananan dunƙulen laka, suka kafa ƙahon ɓauna a kan na farko don kowa ya ji. Muryar ta fito tas, da dariyarta, yana magana da matarsa.

"Tsohon nan? Fiƙarsa ɗaya ta rage, ita ma girgiɗi take yi. Sai na tattauna masa nama a ɓoye kafin ya iya haɗiya. Ki bar shi ya yi ta gyangyaɗi. Na gama magana da ɗan ƙanensa, rani mai zuwa ba shi zai zauna a gindin gawo ba."

Gara ba su san tsayawa ba sai an ce su tsaya. Suka kafa ƙahon a kan na biyu.

"Yara, zabuwar nan ta majalisa ta ƙyanƙyashe. Bayan kukar da tsawa ta raba, cikin sarƙaƙiya. Ku bari sai gobe da safe, sun fi daɗi idan jikinsu ya bushe. Ku rage mini biyu."

Ƙananan dabbobi suka juyo suna kallon Tasalla. Ba ta motsa ba. Sarki bai ma ji na biyun ba. Yana nan a kan na farko, yana taɓa fiƙarsa da harshe.

Barmo ya zube. "Zaki, raha ce! Hirar miji da mata ce! Wa bai taɓa..."

"Doka ta hana a taɓa shi a inuwa," in ji Sarki. "Ku kai shi rana."

Kuraye huɗu suka kama shi. Babbarsu, Cindo, ta sa haƙori za ta tsinke igiyar katantanwar da ke wuyansa, domin sabon samfuri ce kuma ta daɗe tana sha'awarta.

"Gyara, ranka ya daɗe," Tasalla ta ce wa Sarki, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Har yanzu Sarkin Kunne ne, ba a tuɓe shi ba. Dokar da muka yi ɗazu ta ce duk abin da babba ya faɗa a ajiye shi. A bar masa katantanwarsa."

Aka bar masa. Da aka ja shi ta gabanta ya dube ta.

"Tasalla, 'yar'uwa, don girman Allah..."

"Ya haƙuri, ranka ya daɗe?" ta ce.

Suka kai shi bayan tudu, inda majalisa ba za ta ji ba. Kuraye ba sa gaggawa idan an ba su izini. Sun daɗe.

Da aka dawo zama, lissafi ya juye. Ladingo ta sake gabatar da ƙudurin rushe suri, kuma a karon farko a tarihin dajin masu fiƙa suka goyi bayan bushiya. Damisa ta yi jawabi mai ratsa jiki a kan 'yancin talaka. Kowannensu yana da ɗakunansa a ɓangaren gabas, kuma kowannensu ya san abin da ya faɗa a kan fiƙar Sarki. Sarki kuwa ya ɗanɗana, ba ya son a rushe. Ɓauna da giwa da sauran masu bin fada suka tsaya tare da shi. Aka ƙirga, ɓangarorin suka zo kusan daidai. Saura tsuntsayen ƙasa, waɗanda ba sa ɗaga fiffike sai sun ga na Tasalla.

Ladingo ta gangaro kusa da ita tana raɗa.

"Ga shi nan, ƙawata. Kin kashe shi, kin huce. Yanzu ɗaga fiffike mu rushe abin nan kafin damina. Zomaye suna da ciki. Makwarwa za ta yi ƙwai."

"Idan aka rushe, duk abin da ke ciki ya tafi?"

"Duka! Ai abin da muke so ke nan."

"Har na ɗazu, na bayan tudu?"

Ladingo ta dube ta, ba ta gane ba. Da ta gane, ƙayoyin bayanta suka miƙe.

"Tasalla, ki ji tsoron Allah. Da 'ya'yan mutane za ki biya wannan?"

Tasalla ta juya ta fuskanci Sarki. Da aka ce masu son a rushe su ɗaga, fiffikenta yana naɗe, na tsuntsayenta ma haka. Ƙudurin ya faɗi.

Sauran abin da majalisa ta yi a ranar bai ɗauki lokaci ba. Sarki ya ce ɗakunan manya shi kaɗai zai riƙa buɗewa, ban da na Barmo, wanda aka bar wa jama'a don ya zama darasi. Muƙamin Sarkin Kunne aka ba Cindo. Zago Nomau ya nemi ƙarin fili ta gabas, aka ba shi. Ladingo ta cire katantanwarta ta ajiye a kan saiwar gawo ta fita, amma bayan mako guda aka gan ta da wata, domin ba ta da yadda za ta san fitowar shaho.

Da sassafe washegarin zaman, kafin gara su gama buɗe ƙofa, Tasalla tana bakin suri. Zago ya fito da fara'arsa.

"Ranki ya daɗe, kin yi sammako. Ai kuwa ina da abin da zai faranta miki. Da muke fasa yaɓe jiya muka duba naki ɗakunan. Ashe ranar da abin ya faru kin bar katantanwarki a bakin sheƙa. Muryar yaran tana nan, tun suna kukan yunwa, tas kamar suna gabanki. In buɗe miki?"

Tasalla ta kawar da kai.

"Bar shi a rufe," ta ce. "Kawo mini na Barmo, na ƙarshen."

"Yana da tsawo fa, ranki ya daɗe. Kuma ba magana ba ce sosai."

"Na sani. Kawo tsinke. Idan ya ƙare ka mayar da shi farko."